Wai akwai galaksin da ke gudu fiye da haske? Yadda ake ciro gudu daga fomular Doppler ta Einstein, da inda lissafin ke tsayawa

Tun watan Mayun 2024 da aka sanar cewa madubin hangen nesa na James Webb ya hango wani rukunin taurari, wato galaksi, mai suna JADES-GS-z14-0, aka kuma ce lambar z ɗinsa 14.32 ce, maganar nan ta ƙi mutuwa a tsakanin yaranmu masu karatun kimiyya a nan Legas, musamman 'yan Agege da Idi-Araba da ke zuwa Unilag da Yabatech da LASU. Abin da ya rikita su ba wani abu ba ne, a aji an koya musu cewa in kana son sanin gudun abu daga haskensa sai ka ninka z da gudun haske, to in ka yi hakan da 14.32 sai ka ga abu yana gudu ninki goma sha huɗu na haske har da ɗoriya, alhali malamin da ya koya maka wannan shi ne dai ya ce maka babu abin da ke wuce haske. Wasu suka ce to ai Einstein ya sha ƙasa ke nan, wasu suka ce a'a akwai wata fomula daban da in ka zuba lambar a ciki za ta ba ka kashi 99 cikin ɗari na gudun haske, wasu kuma suka ce duka biyun ba nan ne wurinsu ba. Sai an bi lissafin daki-daki kafin a ga inda kowa ya tsaya.

Mece ce z ɗin tukuna

Haske igiya ce mai tafiya, kuma kowace igiya tana da tsawon zango, irin dai zangon da muka saba ji a rediyo, gajeren zango da matsakaicin zango, sai dai na haske ƙanƙane ne ƙwarai, da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Jan haske zangonsa ya fi tsawo, shuɗi ya fi gajarta. Kowane sinadari kuma yana da zangon da yake fitar da haske a kai wanda ba ya canzawa, misali iskar haidurojin tana da wani jan layi a nanomita 656.3, ko a ɗakin gwaji na Akoka ka auna ko a ina, haka za ka samu.

To in aka duba hasken wani tauraro aka ga wannan layin ba ya wurinsa, ya goce zuwa zango mai tsawo, sai a ce hasken ya karkata zuwa ja. In kuma ya goce zuwa gajere sai a ce ya karkata zuwa shuɗi. Lambar z ita ce ma'aunin wannan gocewar:

1 + z = zangon da aka gani ÷ zangon asali

Ke nan z awo ce, da na'ura ake samunta, babu gardama a kanta. Gardamar tana farawa ne a lokacin da aka ce a mayar da ita gudu.

Sai harafi biyu da za mu riƙa amfani da su. c shi ne gudun haske, kilomita 299,792 a sakan ɗaya. β kuma, beta ake kiransa, shi ne gudun abu a raba da gudun haske, v ÷ c, in β ya zama 0.5 to abin yana rabin gudun haske.

Daga ƙahon jirgi zuwa hasken taurari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen layin dogo a Agege jirgi na tahowa yana busa ƙaho ya san abin ko bai san sunansa ba, yayin da jirgin ke nufo ka ƙarar siririya ce mai kaifi, yana gifta ka kuwa sai ta faɗo ta yi kauri nan take, alhali direban bai taɓa komai ba, shi a kunnensa ƙarar ɗaya ce tun farko. Lokacin da jirgin ke tahowa yana bin bayan ƙarar da ya saki ne sai igiyoyin su matsu, in ya wuce kuma sai su miƙe.

Christian Doppler, wani masani ɗan Austriya, shi ya fara bayanin wannan a 1842 yana koyarwa a Prague, kuma a kan hasken taurari ma ya yi maganar. A 1845 wani ɗan Holan, Buys Ballot, ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa kusa da Utrecht ya tabbatar da abin a kan sauti. Fizeau na Faransa a 1848 ya nuna cewa layukan nan na sinadarai su ya kamata a duba in ana batun haske. Da aka zo 1912 Vesto Slipher a Amurka ya auna galaksin Andromeda ya ga tana nufo mu da wajen kilomita 300 a sakan, kuma duk wannan da 'yar fomula mai sauƙi aka yi shi, v = c × z. Ta yi aiki tsaf sabo da kilomita 300 a sakan, duk da a wurinmu gudu ne na fitar hankali, a gaban haske kashi ɗaya ne kacal cikin dubu.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin sauti da haske da ya kamata a riƙe. Sauti a cikin iska yake tafiya, don haka lissafin jirgi na nufo ka kana tsaye daban yake da lissafin kai kana nufar jirgi yana tsaye, iskar ce ke raba gardamar wane ne ke motsi. Haske kuwa ba ya buƙatar komai ya hau, babu iskar da za ta yi alƙalanci, abin da kawai ya rage shi ne gudun da ke tsakanin mai fitar da hasken da mai kallo.

Abin da Einstein ya ƙara a 1905

Ƙarin guda ɗaya ne amma shi ya canza komai. Einstein ya nuna cewa agogon abin da ke gudu, in kai da ke tsaye ka auna shi, za ka ga yana tafiya a hankali, kuma ma'aunin wannan jinkirin shi ne γ, gama ake ce masa:

γ = 1 ÷ √(1 − β²)

Ƙwayar zarra mai fitar da haske ita ma agogo ce, tana kaɗawa ne a ƙa'ide. Don haka in tauraro na guduwa daga gare mu abu biyu ne ke miƙar da zangon haskensa a lokaci guda, na farko tsohon dalilin Doppler, kowace igiya daga wuri mafi nisa take fitowa fiye da wadda ta riga ta, wannan shi ne (1 + β), na biyu kuma jinkirin agogon, γ. In ka ninka su, ka tuna cewa 1 − β² daidai yake da (1 − β)(1 + β), sai abin ya taƙaita ya koma:

1 + z = √[(1 + β) ÷ (1 − β)]

Wannan ita ce fomular da ake magana a kai. Kuma ba a kan allo kawai ta tsaya ba, a 1938 Ives da Stilwell sun gwada ta a Amurka da ƙwayoyin haidurojin masu gudu suka ga ɓangaren jinkirin agogon ya fito yadda lissafi ya ce.

Yadda ake juya ta a ciro β

A littafi yawanci haka ake rubuta ta, a ba ka gudu ka nemo z, amma a aikace akasin haka ne, z kake da ita, gudun kake nema, kuma β ya fito sau biyu a ƙarƙashin sukwaya rut, sama da ƙasa, wannan ne ke sa ɗalibai da yawa su tsaya suna kallon takarda. Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba.

Da farko ka ninka kowane ɓangare da kansa don sukwaya rut ɗin ya tafi, kuma don kada rubutu ya yi yawa ka sa wa (1 + z)² suna, mu ce R:

R = (1 + β) ÷ (1 − β)

Sai ka ɗauko na ƙasan ka ninka shi da R:

R − Rβ = 1 + β

Sai ka tara masu β a gefe ɗaya, marasa shi a ɗaya gefen:

R − 1 = Rβ + β = β(R + 1)

Ka raba, shi ke nan:

β = (R − 1) ÷ (R + 1)

wato v = c × [(1 + z)² − 1] ÷ [(1 + z)² + 1].

A tsaya a kalli siffar amsar nan da kyau, don a nan hikimar take. Sama R ban da ɗaya, ƙasa R da ƙarin ɗaya, ke nan na ƙasa kullum ya fi na sama da biyu, ko R ya kai miliyan β ba zai taɓa cika ɗaya ba, zai dai yi ta matsawa kusa. Iyakar gudun haske ba wani ne ya zo daga baya ya liƙa ta a kan lissafin ba, a cikinsa take tun asali.

In kuma firikwensi aka ba ka maimakon zango, wato sau nawa igiyar ke kaɗawa a sakan, to ka tuna su biyun kishiyoyi ne, in zango ya ƙaru firikwensi raguwa yake, don haka R zai zama na asali a raba da wanda aka gani, sannan a ninka shi da kansa. Nan ne aka fi zubar da maki a jarrabawa, mutum ya yi komai daidai amma ya kifa na sama ƙasa.

A gwada da lambobi

In z ta zama 0.01, R zai zama 1.0201, β kuma 0.00995, tsohuwar fomula kuwa 0.01 za ta ba ka, bambancin rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba abin damuwa ba. In z ta kai 0.1 sabuwar za ta ba da 0.095, tsohuwar 0.1, an fara jin jiki, kashi biyar ke nan.

Ga misali na gaske. A 1963 Maarten Schmidt ya gane cewa baƙin layukan da ke cikin hasken wani abu mai tsananin haske da ke can nesa ƙwarai a sararin samaniya, mai suna 3C 273, ashe layukan haidurojin ne da suka goce, z ɗinsa 0.158. Jan layin nan na 656.3 a wurinsa ya koma wajen nanomita 760. Da tsohuwar fomula gudun zai zama kusan kilomita 47,400 a sakan. Da sabuwar kuwa, 1.158 sau 1.158 ya ba da 1.341, sai 0.341 a raba da 2.341, β ya zama 0.146, kusan kilomita 43,700 a sakan. Tazarar kilomita 3,700 a sakan ba ƙarama ba ce.

Wurin da tsohuwar ke rushewa gaba ɗaya shi ne z = 1, ita za ta ce abin ya kai gudun haske cif, sabuwar kuwa R = 4, uku bisa biyar, 0.6. A z = 2, R = 9, takwas bisa goma, 0.8. Waɗannan biyun suna da daɗin haddacewa don mutum ya riƙa gwada kansa in yana shakkar ko ya danna kalkuleta daidai.

Alamar debewa, da batun kusurwa

Akwai wata tambaya da malaman fiziks ke son bayarwa, wai wane irin gudu direba zai yi kafin jar danja ta koma masa kore. A ce ja nanomita 650 ne, kore 550, 550 a raba da 650 ya ba da 0.846, R ya zama 0.716, β ya fito −0.166. Ɗalibi sai ya ga alamar debewa ya ɗauka kuskure ya yi ya goge ta, alhali ita ce ke gaya masa cewa tunkarar fitilar ake yi ba guje mata ba, gudun kuma wajen kilomita 49,600 ne a sakan. Wasu littattafan kuma akasin haka suke ɗauka, tahowa ce mai alamar ƙari a wurinsu, sai ka ga fomularsu a kife, ba wai ɗaya ya yi kuskure ba ne, a duba dai me marubucin ya ce tun farko.

Babban sharaɗin da ake mantawa shi ne duk lissafin nan na abin da ke tafiya a miƙe ne, ko yana nufo ka kai tsaye ko yana guje maka kai tsaye. In a karkace yake tafiya to fomular ta zama 1 + z = γ(1 + β cos θ), inda θ take nufin kusurwar karkacewar tafiyar, yanzu abu biyu ne ba ka sani ba, gudu da kusurwa, awo kuma ɗaya ne a hannunka, ba yadda za a yi z kaɗai ta ba ka amsa sai ka samo kusurwar ta wata hanya. Har ma abin da ke gifta ka ta gefe, bai matso ba bai yi nisa ba, haskensa sai ya ɗan karkata zuwa ja sabo da jinkirin agogo kawai, abin da babu shi sam a tsohon lissafi. An ga haka a SS 433, wani tsarin taurari a cikin galaksinmu da ke feso iska ta ɓangare biyu da gudun kusan 0.26 na haske, ko a lokacin da feshin ke gicciye da mu ana ganin z ta kusan 0.035, daidai da abin da γ ke bayarwa.

To galaksin James Webb fa

A zuba 14.32. 1 + z ya zama 15.32, R kusan 234.7, β ya fito 0.9915. Daga baya na'urorin hangen nesa na rediyo masu suna ALMA da ke Chile sun sake auna ta suka samu z ta kusan 14.18, in ka zuba wannan ma 0.991 ɗin dai za ka gani. To masu cewa kashi 99 cikin ɗari lissafinsu daidai ne. Abin tambaya shi ne ko a nan ya kamata a yi amfani da fomular.

Masu ninka c da z kai tsaye su kam hujjarsu ba ta da ƙarfi, domin ita wannan fomula tun asali kimantawa ce ta ƙaramin gudu, an san iyakarta tun kafin a harba James Webb a watan Disambar 2021.

Mafi yawan masana sararin samaniya kuwa cewa suke ita ma ta Einstein ta 1905 ba nan ne muhallinta ba. An gina ta ne a kan sarari shimfiɗaɗɗe da ba ya canzawa, abu biyu suna wucewa a cikinsa, alhali tun ayyukan masana biyu, Lemaître a 1927 da Hubble a 1929, aka fahimci cewa tazarar da ke tsakanin galaksi masu nisa ita kanta ƙaruwa take. Hasken wannan galaksi ya baro ta ne kimanin shekara miliyan 290 bayan farkon sararin, wanda yanzu shekarunsa wajen biliyan 13.8 ne, ya shafe sama da shekara biliyan goma sha uku a hanya, kuma yana tafe sararin na buɗewa zangonsa na miƙewa tare da shi. A wannan fahimtar 1 + z ba gudu take faɗa ba, cewa take tazarori sun ninka sau 15 da ɗoriya tun daga ranar da hasken ya taso. Shi ya sa wani layin haidurojin daban, na nanomita 121.6, ya iso nan ya haura 1,800, ido ba ya ganinsa, sai irin na'urar James Webb. In kuma aka dage sai an faɗi saurin da tazarar ke ƙaruwa, to lissafin ya dogara da yawan abin da ke cikin sararin da tarihin buɗewarsa, kuma amsar tana iya wuce c, Tamara Davis da Charles Lineweaver sun nuna a 2004 cewa duk abin da z ɗinsa ta haura kusan 1.5 tazararsa da mu tana ƙaruwa fiye da gudun haske. Wannan bai karya dokar Einstein ba, dokar cewa ta yi babu abin da zai tsere wa haske in suna wuri ɗaya, kuma babu galaksin da ta yi hakan.

Akwai kuma masu ra'ayi na uku, irin su Emory Bunn da David Hogg da suka yi rubutu a 2009, su suna ganin maganar wai sarari na miƙar da haske tana ɓatar da ɗalibai, gara a ɗauki abin a matsayin ƙananan gocewar Doppler da suka taru a hanya, daga wannan mai kallo zuwa na gaba da shi har hasken ya iso. A lissafi ba su saɓa da na biyun ba, abin da madubi zai gani ɗaya ne a wurinsu duka, saɓanin a kan wane bayani ne ya fi dacewa. Abin da ke ƙasan rigimar shi ne in abu biyu suna da nisa irin wannan, kalmar gudu ba ta da ma'ana guda ɗaya tilo, sai ka faɗi da agogon wa da ma'aunin wa kake awo. Don haka 0.99 lamba ce da fomula ta fitar, amma kada a kafa ta a ce ga gudun galaksin nan. Ko 3C 273 ɗin da muka yi misali da shi wannan gargaɗin ya shafe shi, sai dai a ƙaramar z irin tasa bambancin bai kai ya yi ɓarna sosai ba.

Akwai ma dalili na uku da ke karkatar da haske zuwa ja ba tare da wani motsi ba, wato ƙarfin jan nauyi, Pound da Rebka sun auna shi a wata hasumiya a Harvard wajen 1960. Na'ura dai z ɗaya take ba ka, ba ta rarrabe maka wane kaso na wane dalili ne.

Me ya shafi wanda ba ɗalibi ba

A harkar yau da kullum tsohon lissafin ya wadatar. Motar da ke kilomita 100 a awa β ɗinta bai kai ɗaya cikin miliyan goma ba, don haka na'urar radar mai auna gudun mota ba ta da buƙatar γ. Ita igiya take aikawa ta bugi mota ta dawo, gocewar sau biyu take faruwa, zuwa da dawowa, in na'urar na aiki a gigahaz 24, wato kaɗawa biliyan 24 a sakan, bambancin da za ta ji wajen haz 4,400 ne, wato kaɗawa 4,400 a sakan. Ga mai son lissafi, tunda sau biyu ne sukwaya rut ɗin da kansa yake ɓacewa, firikwensin da aka aika a raba da wanda ya dawo shi ne R kai tsaye, ba sai an ninka shi da kansa ba. Sikanin Doppler da ake yi wa masu juna biyu a asibiti don a ga yadda jini ke gudana a cibiyar jariri shi kuma da sauti yake aiki, ba ruwansa da gudun haske.

Inda ɓangaren Einstein ya shigo aljihun kowa shi ne GPS. Taurarin ɗan'adam ɗin suna can sama da wajen kilomita 20,200 suna gudun kusan kilomita 3.9 a sakan, gudun na sa agogonsu ya yi baya da kusan kashi 7 cikin miliyan na sakan kullum, ƙarancin jan nauyi a can sama kuma na tura shi gaba da kusan 45, in an debe ya rage 38. Haske a wannan ɗan lokacin yana cin sama da kilomita goma sha ɗaya, don haka tun kafin a harba su ake saita agogon da wannan gyaran. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kano yana neman hanyar Mile 12 da taswirar waya, da ɗan aike mai kai kaya Lekki, duk a kan wannan gyaran suke tafiya.

Ga ɗalibi kuma, in tambaya ta ce jirgin sama jannati ko tauraro ko wata ƙwaya tana tafiya kai tsaye, aka ba da z aka ce a nemo kaso nawa na gudun haske take yi, (R − 1) ÷ (R + 1) ake nema. In z ba ta kai 0.01 ba c × z ta isa. In kuma galaksi ce mai z babba kuma kwas ɗin na ilimin sararin samaniya ne, a fara rubuta cewa 1 + z ninkin buɗewar sarari ne, sannan in malamin ya nemi lambar fomular 1905 a ba shi, tare da faɗin sharaɗin da aka ɗauka.